Ɗanyen Tumatir a Kwandona

Shekarar da kuɗin fetur ya tashi, albashina ya daina kai mu ƙarshen wata. Ina koyar da lissafi a wata firamare a Batsari, mahaifiyata kuma tana gida Safana. Gonakin nesa sun daina nomuwa saboda 'yan bindiga, don haka da wani abokin aikina ya ce mu haɗa hannu mu yi noman rani a ɗan filinsa na bakin gari, ban yi musu ba. Muka dasa tumatir.

Wajen ban ruwa da cire ciyawa ban taɓa gazawa ba. Ranar tsinka ce ta tona ni. Na cika kwandona ina ta murna, sai abokina ya zo ya leƙa.

"Malam, wa zai sayi wannan? Ai rabi ɗanye ne."

"Ɗanye kamar yaya? Duk sun nuna."

Ya ɗauki biyu ya ɗora a tafin hannunsa, ya ce in nuna masa ja. Na duba, na sake dubawa. A idona duk ɗaya suke, wani launi ƙasa-ƙasa. Na yi dariya don in rufe kunya, amma shi bai yi ba.

Washegari a ofishin malamai ya miƙo mini wayarsa. Ya ce ya ba ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, labarina, ita ce ta turo masa wani gwajin ido da ake yi a intanet. Hoto ne zagayayye cike da ɗigo-ɗigo masu launi, wai akwai lamba a tsakiya. Na farko na karanta shi ba wahala. Na biyu kuwa, ɗigo kawai na gani kamar an watsar da gero.

"Babu komai a nan," na ce.

Malama mai koyar da aji uku ta leƙo ta bayana, ta faɗi lambar nan take. Haka muka yi ta tafiya, suna gani ni ba na gani. A ƙarshe wayar ta rubuta cewa da alama ba na bambance ja da kore.

Na haura shekara arba'in a lokacin. Ina zaune sai abubuwa suka riƙa dawo mini: faɗan da hedimasta ya sha yi mini don na duba jarrabawa da baƙin biro maimakon ja, da naman da nake sauke shi daga wuta bai gasu ba. Amma abin da ya fi damuna tsoro ne, kada a ce makanta ce ta fara.

Ranar Asabar na shiga bas zuwa asibitin ido a Katsina. Likitan ya sake gwada ni da littafinsa mai irin waɗannan hotuna, ya ce na kyauta da ban tsaya ga na waya kaɗai ba. Ya ce haka aka haife ni, ba ya ƙaruwa, kuma galibi ta wajen uwa ake gadonsa. Na fito kamar an sauke mini kaya daga kai.

Da na je Safana na tarar da mahaifiyata tana tsince wake. Bayan mun gaisa na faɗa mata. Ta ajiye faifan.

"Mi ka ce? Ja da kore?"

"E, Inna."

Sai ta ce mahaifinta, Allah Ya jiƙansa, jar akuya na tsaye cikin ciyawa zai wuce ta yana cigiya. Kowa ya ɗauka barkwanci yake yi.

"Ashe bawan Allah da gaske yake," ta ce. Ta yi dariya har ta share ido da bakin mayafi.

A gona muka raba aiki: ni ban ruwa da kai kaya kasuwa, abokina kuma tsinka. A hankali na koyi gane nunanne da yatsa, don yana da ɗan laushi kuma yana barin reshe da sauƙi. Noman ya riƙe gidajenmu biyu har damina ta faɗi.

Matata ce ta fi kowa tambayoyi. Wata rana ta baje zannuwanta a kan tabarma, ta ce in faɗa mata wanda nake gani sosai. Na nuna shuɗi mai ratsin rawaya, wanda ta daɗe da jefawa ƙasan akwati.

"Wannan tsohon?" ta ce.

"Shi ne ya fi haske a duk ɗakin nan."

Ta naɗe sauran ta mayar, shi kuma ta fita da shi ta jiƙa a bokiti don ta wanke ta ɗaura.