Gidan Sheshe a Kan Filon Zuliha

Malam Musaddiq Indabawa mutum ne da zai tsoma hannu cikin buhun wake ya gaya maka daga wace kasuwa aka lodo shi, ya kuma faɗa maka ko ƙwari sun fara ɓarna daga ƙasa. Shekara talatin da takwas yana wannan sana'a a Head Bridge, bakin gadar Onitsha. Cin rani ɗaya ya zo yi, sai ga furfura ta riske shi a nan. Igbo yake ji sarai, sai dai in ciniki ya yi zafi ya yi kamar bai taɓa jin yaren ba. Amma ka miƙa masa waya mai shafawa, sai ya riƙe ta kamar an ba shi jaririn wani. Har gobe 'yar ƙaramar wayarsa mai maɓalli ce a aljihunsa.

Matarsa Zuliha ita ce 'yar zamanin gidan. Shekara uku ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita a ɗakinsu na bene, wanda tagarsa ke kallon kogi. Hannun hagu ne kaɗai yake yi mata aiki, da shi take latsa wata tsohuwar tablet mai tsagaggen gilashi da 'yarsu Kamila ta bar mata kafin aure ya kai ta Enugu. Kullum bayan azahar sai ta kira ƙanwarta Haulatu ta bidiyo a Kano, a gidan mahaifinsu na unguwar Sheshe. Ba hira suke yi ba. Haulatu takan jingina waya a gindin bango ta ci gaba da aikinta, Zuliha kuma ta ɗora tablet a kan filo ta lumshe ido. Tana jin tsintsiya na bin tsakar gida, da kukan tantabarun maƙwabta, da guga na faɗawa rijiya. A ƙasan tagarta manyan motoci na ta hon a kan gada, amma ita ba ta nan. Malam kan hawo da kwanon abinci ya tarar da ita tana murmushi ita kaɗai, sai ya zauna a bakin ƙofa, ko tari ba ya yi har a kira la'asar.

Wata rana wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone akwatin intanet ɗin da ke kawo sabis a gidan. Kamila ta aiko da sabo, fari ƙal mai eriya huɗu. Malam ya kira Lucas, wani ɗan Zonkwa mai gyaran waya a bakin kasuwa, ya zo ya haɗa shi, ya sa masa lambar sirri. Wayar Lucas ta shiga nan take. Tablet ɗin Zuliha kuwa ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta ce ba ta gane ba. Da Lucas ya cire lambar, sai ta shige kamar gidan ubanta. Ya mayar, ta sake yin kunnen ƙashi.

"Baba, kullen ne ba ta sani ba," in ji Lucas yana sosa ƙeya. "Tablet ɗin nan ta tsufa. Akwatin kuma sabon yayi ne."

"To, a bar shi a buɗe mana," in ji Malam. "Wa zai saci iska?"

Ashe akwai masu satar ta. Kafin kwana biyu labari ya zaga layin cewa akwai intanet na banza a gindin benen mai wake. Masu okada suka mayar da inuwar gidan tasharsu, kowa ya kishingiɗa a kan babur yana kallon ƙwallo. Sai kiran Zuliha ya fara sarƙewa. Tsintsiya ta fara shara ta tsaya a tsakiya, tantabara ta buɗe baki ta daskare. Zuliha ba ta yi ƙorafi ba, ta dai juya fuska bango, kuma wannan ya fi yi wa Malam ciwo fiye da a ce ta yi faɗa.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Haulatu ta bugo wa Malam a ƙaramar wayarsa ta ce magada sun sayar da gidan Sheshe, ranar Juma'a da la'asar za ta miƙa makulli. Ran nan Talata ce.

Kwana uku Lucas yana barin shagonsa yana hawa benen nan. Ya kashe akwati ya kunna, ya matso da shi gefen gado, ya taƙaita lambar, ya gwada duk irin kullen da akwatin ke da shi ɗaya bayan ɗaya. Kamila na ba da nata umarni ta waya daga Enugu. Ta ce ta yi odar sabuwar tablet, amma sai mako mai zuwa za ta iso. Lucas ya ba da aron wayarsa, sai dai ta yi wa hannun Zuliha ƙanƙanta da santsi, sau biyu tana suɓucewa. Ita ma ta girgiza kai, a tata ta saba jin gidansu. Gaba kura baya siyaki: a kulle Zuliha ba ta shiga, a buɗe kuma duniya ta riga ta shiga.

Da safiyar Juma'a Malam ya zauna a rumfarsa yana wasa da wake a tafin hannu, idonsa na kan kogi. Wani kwale-kwale na ratsa ruwan a hankali. Ya tuna ranar da ya je ɗaukar amarya a Sheshe, yadda ta riƙe ƙyauren zaure da hannu biyu sai da gwaggonta ta ɓamɓare yatsunta. Shi ya kawo ta wannan nisan duniya, kuma yanzu awa biyu kacal take nema, ya kasa ba ta. Kunya ta kama shi, har ya ji idonsa ya yi zafi.

Da aka sauko daga masallaci bai cire babbar rigarsa ba. Ya ce wa Lucas ya cire kullen gaba ɗaya, shi kuma ya nufi inuwar masu okada. Mutum ne da bai taɓa faɗin cikin gidansa a titi ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya gaishe su da Igbon nan da yake ɓoyewa, har wasu suka ɗago kai da mamaki, sannan ya juya Pidgin don kowa ya ji.

"My pikin dem, abeg. My wife no fit waka. Na today dem go lock her papa house for Kano. Make una off una phone small, reach four o'clock. Make she hear am."

Roƙonsa dai su kashe wayoyinsu zuwa ƙarfe huɗu, don matarsa da ba ta iya tafiya ta ji gidan mahaifinta na Kano kafin a kulle shi a ranar. Sai wani ƙato mai jar hula, wanda suke kira Chairman, ya kalli tagar benen, ya kashe wayarsa ya cusa a aljihu. Ya daka wa sauran tsawa, kowa ya bi. Bai tsaya nan ba, ya gitta babur ɗinsa a bakin layin, duk wanda ya zo yana latsa waya sai ya kora shi gaba.

Da Malam ya hau, kiran ya riga ya shiga, tas, ba ko gargada. An kwashe kaya daga gidan, don haka takun Haulatu na amsa kuwwa. Ta ɗauki wayar tana zagawa da ita sannu a hankali, tana cewa, "Yaya, ga ɗakin Inna. Ga madafi. Ga inda muke shanya." Zuliha ba ta buɗe ido ba. Yatsunta na motsi a kan zanin gado kamar tana shafa bango. A wani ɗakin takan ɗaga hannu, Haulatu ta gani ta dakata, su daɗe a wurin. Malam na zaune a ƙasa, ya ji kamar shi ma ƙafarsa na taka sanyin daɓen gidan.

Can sai ladanin unguwar Sheshe ya kira la'asar. Haulatu ta iso zaure.

"Yaya, wanda ya sayi gidan ya zo. Na kasa rufewa."

Zuliha ta buɗe ido. Harshenta ya yi nauyi tun ciwon, sai da ta tattara kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Rufe, Haulatu," ta ce. "Na fito."