Tumfafiyar Bayan Ɗakina

Ko da zan manta komai na zamanmu a Dareta, ba zan manta ranar da aka yi wa tumfafiyata feshi ba.

A shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗauke mana yara saboda niƙan dutsen zinari, ƙaramar 'yata ta tsira, amma ƙafa da baki suka ƙi. Sai dai in shimfiɗa mata tabarma ta wuni tana kallon sama. Abu ɗaya ke sa ta murmushi: malam-buɗe-littafi, irin mai ruwan goron nan. Da na lura tumfafiya yake bi, sai na haƙo ƙanana biyu daga bakin rafi na dasa a bayan ɗakina.

Na sha tsiya. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke ko mi kika yi da tumfafiya cikin gida? Kuhwai kinka maishe shi?" Na ce mata i, ta shigo mu zauna tare.

Da damina ta yi nisa, tsutsotsi masu zanen baƙi da rawaya suka cika ganyen. Ɗaya ta maƙale a ƙarƙashin ganye ta dunƙule, bayan kwanaki kuma, a kan idonmu, ta fashe, malam-buɗe-littafi ya fito yana shanya fiffike. Ranar yarinyar nan ta yi dariya har da sauti. Daga nan kullum sai ta nuna min sauran da ido, muna jira.

Ban taɓa gaya wa babanta ba, don na ɗauka shirmenmu ne na mata. Wata ranar kasuwa na dawo na tarar da gida yana warin magani, tsutsotsin duk a ƙasa. Ya tare ni da fara'arsa: "Na ga suna cinye ma ɗiyarki ganye, sai ni hesa masu sauran maganin wake."

Yarinyar kuwa ta yi ta duban ganyen, safe da yamma, ba abin da ya fito. Kafin kaka zazzaɓi ya ɗauke ta.

Tumfafiyar tana nan, duk damina tsutsotsin suna cika ta. Babanta bai ƙara shigo da tankin feshi gida ba, bai kuma ƙara zama a wannan gefen ba. Na koyi cewa abin da yake raya zuciyar wani a gida, komai ƙanƙantarsa, a faɗa wa kowa. Da na buɗe baki sau ɗaya, da ta ga tashinsu.