Bula da Tocila a Bakin Inna Tumba

Har yau ban manta da ranar da Inna Tumba ta buɗe baki na ga harshenta ya koma shuɗi ba. Wata Talata ce a tsakiyar daminar bara waccan. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka zo koyon aiki, domin na lura duk wanda ya shigo ɗakin nan, idonsa a kan na'urar haske yake fara sauka.

Sunana Lawali. Ni ba likitan haƙori ba ne, ko da yake marasa lafiya Likita suke ce mini, kuma na gaji da gyara musu. Abin da na karanta shi ne kula da dasashi da wanke haƙora. Dakta, mai asibitin, shi ke duba mara lafiya ya yanke abin da za a yi, ni kuma in aiwatar da nawa ɓangaren. A Bungudu nake kwana. Kullum in shigo Gusau da safe, in kama hanyar gida tun rana ba ta yi sanyi ba, saboda rashin tsaron da kowa ya sani.

Na'urar ƙarama ce, ba ta fi tocila girma ba, da ɗan siririn baki mai fitar da jan haske. Dakta ya samo ta ne daga wani abokin karatunsa, tare da kwalaben wani shuɗin ruwa. Ga yadda aikin yake, ga wanda bai sani ba. Idan ciwon dasashi ya yi nisa, naman yakan saki jikin haƙori ya bar rami, ƙwayoyin cuta su zauna a ciki. Da farko sai mu kankare dattin da ya daskare a gindin haƙorin. Wannan shi ne babban aikin, kuma shi ne mai zafi. Bayan nan mu ɗiga shuɗin ruwan a ramin da sirinji marar tsini, mu ɗan jira ya kama jikin ƙwayoyin, mu ɗauraye, sannan mu haska. Idan jan hasken ya sauka a kan rinin, rinin yakan fitar da abin da ke kashe ƙwayoyin da ya manne wa. Hasken kaɗai ba ya yi, rinin kaɗai ma ba ya yin abin kirki. A iya abin da na karanta, taimako ne a kan kankarewa, ba madadinta ba, kuma masana ma ba su gama daidaita baki a kan girman amfaninsa ba.

A zuwan farko, Inna Tumba ta zo ne daga wani ƙauye da ke bayan Tsafe, tare da 'yarta Luba, mace mai kimanin shekara talatin da goyo a baya. Tsohuwar tana da ciwon suga. Haƙoran tauna huɗu suka rage mata da ke haɗuwa sama da ƙasa, dukkansu suna girgiɗi, dasashin ya kumbura yana fitar da mugunya. Ta sha kafso ja da yalo na kemis har cikinta ya daina karɓa. Shi ya sa Dakta ya ce a gwada mata hasken, a huta da ƙwayoyin magani.

"Ɗana," in ji ta kafin ta zauna, "huɗun ga su ne dukiyata. In sun tahi, sai kunu har kabari. Za su tsaya?"

Na ce mata ina fata, amma ya danganta da sugan, da yadda ƙashin ya ci, da kuma yadda za a kula da su a gida.

Ta juya ta kalli Luba. "Kin ji ko? Na tambai Likita hanya, ya ba ni hanya ukku."

Na kankare mata. Ta sha wahala, ni ma na sha, domin wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki sai da aka tayar da janareta. Da muka zo kan haske na sa mata baƙin tabarau na kare ido, sai ta ce Luba ta ɗauke ta hoto, yau ta zama ɗan kabu-kabu. Luba ba ta yi dariya ba. Ta matso kusa da kafaɗata tana kallon hannuna tun daga farko har ƙarshe. Ta tambaye ni mene ne shuɗin, na yi mata bayani kamar yadda na yi muku, wataƙila ma ya fi haka tsawo. Na nuna mata yadda ake goge gindin haƙori da buroshi mai laushi, na ce su dawo bayan mako guda a sake haskawa.

Ba su dawo ba. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Na kira lambar da suka bari, ba ta shiga. Wani direba da ke bin hanyar Tsafe ya gaya mini mutanen wancan yankin sun daina fitowa sai dole. Ba zan ce kullum ina tunanin Inna ba, don ƙarya zan yi. Marasa lafiya suna da yawa, ni kuma a gajiye nake. Amma duk sanda na buɗe kwalbar shuɗin na ga ta ragu, sai in tuna akwai haƙora huɗu da na bari a tsakiyar aiki.

Sai ga su ranar Talatar nan, wajen wata biyu bayan zuwan farko, zanensu jiƙe da ruwan sama. Inna ta hau kujera da kanta ta buɗe baki tun ban ce ba. Harshe shuɗi, leɓen ciki shuɗi, har tsakanin haƙora. Rininmu ba ya kwana biyu a baki. Na fara lissafa cututtukan da ke canza launin harshe, ban samu ko ɗaya mai wannan kalar ba.

"Malama Luba, me aka sa mata?"

Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin leda. Bula ce, wadda ake sa wa fararen kaya a wanki. Ta ɗora wayarta a gefe.

"Yadda kunka yi, haka munka yi, Likita. Hanya ta hana mu zowa, ga ta tana kuka da baki. Kullum da sahe in goge mata tas, kamar yadda na ga ka fara, in jiƙa bula in shafa da auduga, in kunna tocilar waya in haska. Har jar leda ni ɗaura ma tocilar, don na ga naku ja ne."

Ta faɗi haka ne tana kallona kai tsaye, irin kallon wanda ya yi aiki yana jiran a duba.

Na ɗauki madubi na shiga dubawa. A gefen kunci da ƙarƙashin harshe akwai wuraren da suka yi ja suka saɓule, ina jin bular ce, ko da yake ba zan rantse ba. Amma da na zo kan haƙoran sai na sake dubawa, don ban yarda da idona ba. Kumburin ya sauka sosai. Uku daga cikin huɗun ba mugunya, jinin da ke fita in an taɓa ya ragu, girgiɗin ma kamar ya yi sauƙi. Na huɗun, na can ƙurya ta hagu inda hannu ba ya kai wa da kyau, ya ƙara lalacewa.

Na je na samu Dakta a ofishinsa na gaya masa. Ya cire tabarau ya dafe goshi, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Bula," ya ce. "To. Kankarewarka ta yi aiki, haskenmu na farko wataƙila ya taimaka, sauran kuma buroshin yarinyar ne. Wata biyu ana goge bakin nan kullum. Wa ka taɓa samu ya yi mana haka?"

Na ce abin da ke damuna ke nan. In na ce mata bula da tocila ba sa komai, ina tsoron ta ji kunya ta watsar da duka, har da gogewar, tunda a wurinta gogewar share fage ce kawai. In kuma na yi shiru, za ta ci gaba da zuba wa mai ciwon suga abin wanki a baki, kuma gobe maƙwabta su ɗauka.

"Lawali," ya ce, "kada ka yi mata lacca. Na san ka. Magana uku, ka tsaya."

Na koma ɗaki ina juya abin a raina. Ƙarya ba zan yi mata ba. Amma gaskiyar da na saba faɗa, mai reshe-reshe, ita ma ba za ta kai Tsafe ba.

Na ce, "Malama Luba, haƙora uku sun samu sauƙi, kuma hannunki ne. Gogewar nan da kike yi kullum, ita ce maganin. Kada ki fasa ko rana ɗaya."

Ta gyara goyonta. "Bular fa?"

"Bula ta wanki ce. Ba irin tamu ba ce, ba ta kashe komai, ga shi ta fara ƙona mata baki. Ki daina yau."

Fuskarta ta canza. Ta sunkuyar da kai ta fara naɗe ledar a hankali. Inna ta ce daga kan kujera, "Na gaya miki ɗaci gare ta, kin ce magani duk haka shi ke."

Luba ta ɗauki wayar tana jujjuya ta. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Tocilar ma banza ce ke nan."

A nan na kusa fara bayanin irin hasken da ake bukata da ƙarfinsa. Na haɗiye. Na karɓi wayar, na kwance jar ledar da ke ɗaure har lokacin, na kunna, na haska can ƙuryar hagu, na ce ta leƙo.

"Kin ga dattin da ya maƙale a bayan wancan? Da jar leda ba za ki gan shi ba. Tocila ba ta kashe cuta, amma ki riƙa kunna ta kullum, don ki ga inda kike gogewa."

Ta leƙa ta daɗe. Sannan ta ce, "Na gane shi. Can ban kai ba."

Dakta ya cire na huɗun a ranar, domin ba abin da za a ceto. Ukun na sake wanke su, na bar haskawa sai bakin ya warke daga bular. Sun samu dawowa sau ɗaya bayan kaka, na haska mata da ragowar shuɗin da ke gindin kwalba. Ukun suna nan a lokacin. Inna ta ce ta ci naman kaza da su, a gefe ɗaya, kamar akuya. Daga nan ban sake ganinsu ba, kuma ban san halin da haƙoran suke ciki yau ba.

Shuɗin ya ƙare, wanda aka yi oda ya daɗe bai iso ba, na'urar ta yi watanni a cikin kabad. Yanzu ta dawo aiki, kuma ina amfani da ita inda Dakta ya ga ta dace. Ban raina ta ba.

Abin da na ɗauka daga wannan rana, in ma na fahimce shi daidai, shi ne mutanenmu suna kallon hannunmu fiye da yadda suke sauraren bakinmu. Abin da suka ga mun yi, shi za su tafi da shi gida, musamman wanda bai da tabbacin hanya za ta bar shi ya dawo. Saboda haka duk mai rakiyar da ya matso kusa da kafaɗata yanzu, kafin in taɓa na'urar sai na ce masa wannan na asibiti ne, ba a yin sa a gida. Sannan in miƙa masa buroshi, in ce ya kunna tocilar wayarsa, ya gwada a gabana.