Alkamar Baba a Fadamar Kuta

Mahaifina tela ne. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakanmu Minna, a nan ya haifi Baba, Baba kuma ya tashi a kan keken ɗinki. Bai taɓa riƙe fartanya ba sai da idonsa ya gaza zura zare a allura. A lokacin muna zaune a unguwar Maitumbi, ina koyarwa a wata firamare, aurena ya mutu na dawo gaban iyayena.

Baba yana da amini a wani ƙauye da ke bayan Kuta, ɗan Gbagyi, manomin doya. Tun kafin a haife ni Baba ke ɗinka masa kayan Kirsimeti. Mu Baban Kuta muke ce masa. Da ya zo ya tarar Baba ya rufe shago yana zaman ƙofar gida, sai ya ce masa da irin Hausarsa:

"Tela, zama bai da kyau. Fadama yana nan, ruwa yana nan. Zo ka kama kaɗan."

A wannan shekarar ce wani malamin gona ya je ƙauyen da sabon irin alkama, ya ce wannan tana jure zafi, za ta yi a ƙasarmu. Mutane suka yi dariya, suka ce alkama ai ta Kano ce da Jigawa. Baba kaɗai ya miƙa hannu. Mahaifiyarsa Bakanuwa ce, kuma har ya tsufa bai daina zancen funkasonta ba. Baban Kuta ya yanka masa 'yan fangaloli a bakin rafi, ya ara masa injin ban ruwa, suka shuka da farkon sanyi.

Ta yi. Na je sau ɗaya na gani da idona, ta yi zangarniya ta sunkuyar da kai, Baba yana tafiya a gefenta yana shafa ta kamar yana duba yadi. Da aka sussuke, Inna ta jiƙa, aka kai niƙa, ta yi funkaso da miyar taushe, ta yi alkaki. Baba ya sa aka cika kwanuka ya kai ƙauyen. Abin da malamin gona bai yi da baki ba, funkason Inna ya yi. Kafin Baba ya baro ƙauyen, magidanta da yawa sun ce baɗi da su za a yi.

"Iri kuwa kar ku damu," in ji Baba. "Yana ɗakina."

Ya ware mafi kyawun abin da ya samu, ya ɗinke bakin buhunan da hannunsa, ya jingine su a kusurwar ɗakinsa. Babu wanda ya gaya masa alkama ba ta son laima, daminar Minna kuwa doguwa ce, har bango yana gumi. Ranar da ya farke ɗinkin, warin hunhuna ne ya fara fitowa, sannan ƙwari. Ya ɗebi wadda ta fi kyan gani ya baza a jiƙaƙƙen buhu a bayan ɗaki, kullum yana yayyafa mata ruwa. 'Yan tsiron da suka fito, ko yatsun hannu ba su kai ba.

Malamin gona ya ce kar ya damu, sabon iri yana zuwa kafin sanyi ya sauka. Baba ya kai wannan magana ƙauye, mutane suka yarda saboda daga bakinsa ta fito. Suka gyara fangaloli. Wuraren da suka saba zuba kuɓewa da tumatir da alayyafo suka bar su fili, suna jiran alkama.

Sanyi ya sauka, iri bai zo ba. Kullum Baba zai saka hula ya tari keke napep ya tafi ofishin su malamin gona, ya dawo da amsa guda: yana hanya. Ya zagaya shagunan masu sayar da kayan gona, masara da shinkafa kawai suke da su. Wani ya nuna masa alkamar ci a tiya ya ce ai duk ɗaya ne, Baba ya ƙi. Da asuba idan na fito alwala na ji ruwa yana yankar hannu, sai in tuna sanyin alkamarsu ne yake wucewa a banza.

Sai da muka fara ajiye barguna irin ya iso. Malamin gona, mutum ne mai kunya, bai ɓoye ba.

"Baba, gaskiya lokaci ya ƙure. Ni da ni ne, ba zan shuka ba."

Baba ya kalli amininsa. Baban Kuta ya ce, "Ƙasa mun riga mun gyara. Kuɓewa ma lokacinsa ya wuce. Mu sa, mu ga abin da Allah zai yi."

Suka shuka. Ta fito kore shar, har mutane suka fara sakin jiki. Tana fara yin ido zafi ya faɗo, irin zafin Minna da ke hana mutum zama a ɗaki. Suka yi ta ba ta ruwa, injin ba ya hutawa. Ruwa bai hana komai ba. Ta yi ja tun ba ta cika ba. Ina wurin ranar da Baba ya tsinki zangarniya ya murza a tafin hannu ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, abin da ya rage 'yan ƙwayoyi ne a motse, kamar an tsotse su.

Babu wanda ya zage shi. Wata mata da mijinta ya rasu, wadda da alayyafon rani take ciyar da 'ya'yanta, ta zo wucewa da tulu, ta rusuna ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." A mota muna dawowa ya ce mini, "Da ma zagina ta yi." Bayan 'yan kwanaki Baban Kuta ya aiko mana da doya kamar yadda ya saba. Baba bai iya cin ta ba.

Da damina 'yan bindiga suka shiga yankin. Mutanen ƙauyen suka watse, suka bar doya a kunya, suka bar injin a bakin rafi. Baban Kuta da iyalinsa suka samu mafaka a wata makaranta a Kuta. Na raka Baba ya je duba shi. Mun same shi zaune a kan bencin ɗalibai, ya rame, rigar jikinsa ɗinkin Baba ce. Suka gaisa. Babu wanda ya ambaci gona.

A shekarar nan ce iri ya zo a kan lokaci. Malamin gona da kansa ya ɗauro buhu a babur har ƙofar gidanmu, yana murna. Baba ya yi masa godiya ya karɓa. Da mutumin zai tafi, Baba ya ce ko zai iya kai wa mutanen da ke makarantar, su niƙa su ci. Malamin ya buɗe buhun ya nuna masa: irin ja wur yake da maganin ƙwari.

"Baba, wannan ko kaza ta ci mutuwa za ta yi."

Baba ya nemi fili a kusa. Ya je bakin wani rafi a wajen unguwar Tudun Fulani da ya sani tun yana saurayi, ya tarar gidaje sun cinye wurin. Daga nan bai sake nema ba. Ba a jima ba ɗan Baban Kuta ya zo ya tafi da mahaifinsa Suleja, ba su sake haɗuwa da Baba ba.

Buhun ya zauna a zaure har sanyi ya wuce. Inna tana tsoro saboda jikoki da kaji, sai ta ce in san yadda zan yi da shi. Na sa aka haƙa rami a bayan gida aka juye, aka rufe. Da ruwan farko ya sauka wasu ƙwayoyin suka huda ƙasa suka fito, suka yi 'yan kwanaki, suka yi ruwan ɗorawa suka ruɓe. Baba bai tambayi buhun ba, ni ma ban gaya masa ba.