Ranar Da Na Mai Da Jita Amya

Ko na manta sunan kakana, ba zan manta ranar nan ba. Mu biyar ne a zauren gidanmu na Ikara: ni, da jikana kafinta wanda na raina tun rasuwar ubansa, da ƙanen ubansa, sai baƙi biyu daga Kurmin Kogi, wato baffan yarinyar da jikan nawa ke nema da wani dattijo ɗan rakiya. Sun ce gaisuwa suka zo. Kowa ya san bincike ne.

A lokacin yaron nan ya bar ƙofa da benci ya koma haɗa jita. Mu kuwa ba mu gaji kiɗa ba, manoma ne kaka da kakanni. Na san in baƙin nan suka ga abin, za su koma su ce makaɗi ne, auren ya watse. Sai dai ni ba abin da ke wuce idona. Na lura wuyan jitar ba da gam yake manna shi ba, noti biyu ne yake ɗaurewa ta ciki. Da safe na ce ya kwance.

"Tsohuwa, jiya na gama daidaita shi fa."

"Kwance, ko in kwance maka da taɓarya."

Na cusa wuyan cikin muciyoyina a madafa. Gangar jikin kuwa ta ƙi ɓoyuwa, na bar ta a zaure, wai ni mai dabara.

An gama gaisuwa, an tambayi gona da iyali, sai baffan ya nuna gangar jitar. Kafin yaron ya buɗe baki na tare: "Amya ce ta zamani. Ga ramin da zuma ke shiga."

Ashe mutumin kiwon zuma yake yi. Ya ɗauka, ya juya ta, ya leƙa ramin, ya daɗe yana shafa ƙugun. "Ikon Allah! Inna, to ina wuyan amyar?"

Ɗan rakiyar ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Baffan ya ce 'yarsu ta daɗe da nuna musu hoton jitar a waya, aikin suka zo gani. Ni da ƙafata na je na zaro wuyan, da garin tuwo a jikinsa.

Yaron ya goge shi, ya zura gindinsa cikin gurbin, ya sa hannu ta ramin ya kama notin farko, bai ƙarasa ɗaurewa ba. Ya ja zare daga kai har ƙasa, ya rufe ido ɗaya. Wuyan ya karkace. Ya kwance, ya kankare ɗan abin da bai kai farce ba, ya mayar. Haka ya yi ta yi, ba gaggawa, ba tsaki, har zaren ya bi tsakiya. Sannan ya ɗaure notin biyu da sifana, wannan kaɗan, wancan kaɗan.

Baffan ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Mai wannan haƙurin zai riƙe mace. Mun ba shi. Saura binciken kakar."

Shekara da shekaru ina sa wa mutane ido, ban taɓa tunanin su ma suna da nasu ba. Ranar na gane wanda ya zo bincike ya riga ka sanin abin da ka ɓoye, ɓoyewar kawai yake jira ya gani.

Washegari da sassafe na share ƙofar gida, na sa aka fito da teburin aikinsa bakin hanya. Na ajiye kujerata a gefe, in wani ya tsaya kallo in ce masa: "Jita ce. Wuce."