Kawu Sakiusa da Tukunya a Baya

A ƙauyenmu na tsibirin Kadavu, in ka tambayi Kawu Sakiusa mai nutso, dariya za a fara yi kafin a nuna maka gidan. Shi ne mutumin da ya shiga coci goye da tukunyar iskar da ake nutso da ita.

Laifin Unaisi ne, 'yar ƙanwarsa. A wurinmu ɗan 'yar'uwa vasu ne, duk abin da ya gani a gidan kawunsa ya ɗauka ya zama nasa, kawun kuwa ko tari ba zai yi ba. Unaisi tun tana shekara takwas ta gane wannan gata sarai. Ta ɗauke masa rediyo, ta ɗauke zakara, har takalmi ƙafa ɗaya ta taɓa tafiya da shi don tsabar neman magana.

Wata rana ya dawo daga teku, ta tsaya tana kallon tukunyar da bel ɗin dalma, ta ce gobe za ta zo ta ɗauka, ita ma kifi take so ta gani a ƙarƙashin teku. Hankalin Kawu ya tashi. Ya san bel ɗin da aka auna wa ƙato, in yarinya ta ɗaura, ƙasa zai ja ta kai tsaye. Robar numfashin ta fi bakinta girma, ruwa zai shiga ta gefe. Ko ta tsira daga wannan, a tsorace za ta riƙe numfashi ta taso da gudu, huhu ya fashe. Shi da hannunsa ya taɓa fito da gawar ɗan maƙwabcinsa daga ruwa da bel a ƙugu, abin bai taɓa barinsa ba. Amma ya ce a'a wa vasu? Ai gara ya bar garin.

Sai ya tuna ba a tuɓe wa babba abin da ke jikinsa. Shi ke nan, ya goya tukunya, ya ɗaura dalma. Da su yake cin rogo, da su yake zaman shan yaƙona, abin shanmu na gargajiya, abokai na tsokanarsa wai ya kula kada ya nutse a ƙoƙo. Ranar Lahadi ya zauna, bencin coci ya ce ƙaras, ya yi ƙasa da dattawa biyu. Unaisi kuwa tana biye da shi tana jiran ya sauke. Sai da makaranta ta koma aka kai ta gidan gwaggonta a Suva, babban birnin ƙasarmu, sannan bawan Allah ya miƙe bayansa.

Yau Unaisi ita ke koyar da nutso, kuma ba ta yarda yaro ya taɓa kayan manya. Kawu ya tsufa, ƙirjinsa na ƙara, amma taurin kai bai bar shi ya daina shiga ruwa ba. Kowa ya yi magana ya gaji.

Bara ta zo hutu, ta same shi yana wanka, kayan na jingine a bango. Ta saɓa tukunyar a kafaɗa, ta ɗauki bel ɗin.

Ya leƙo da kumfa a kai ya ce, "Ke 'yar nan, ina za ki da su?"

Ta ce, "Kawu, yau dai ka sauke."

Ya bi ta da kallo. Ni da nake tsaye a wurin na ga idonsa ya cika, kuma ba sabulu ba ne.