Awarwaron da Bai Shiga Hannun Khala Tahira Ba

Shekara talatin Khala Tahira, maƙwabciyarmu a Hyderabad, tana liƙe bakin awarwaron gilashi a harshen wuta, amma ko ɗaya bai taɓa shiga hannunta ba. Masana'antar ba ta yin na masu jiki irin nata.

Ranar da wata ɗalibar jami'a, Sidra, ta zo bincike kan yadda ake wulaƙanta masu ƙiba, Khala ta miƙe da ƙyar.

"Fito da sikelin, 'yata, mu gama. Kowa da shi yake farawa."

"Ban zo da sikeli ba, Khala, labari nake so. Yaushe kika fi jin daɗin jikinki?"

Khala ta koma ta zauna. Ta daɗe tana kallon wutar.

Can ta ce, "A ƙauyenmu, ina budurwa. Nakan kwanta rigingine a kan kogi da tufafina, gajimare na wucewa, ruwa na tafiya da ni a hankali. Surukata ta yi magana, likita ya yi, mai keken haya ma ya yi. Rubuta wannan: kogi ne kaɗai ya taɓa ɗaukata bai yi tsaki ba."